Yinin da gajeriyar eriya ta cinye mini a kan Kufena

Har yanzu in na ga waccan gajeriyar eriya a ƙasan jakata sai raina ya sosu. Tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba, da naɗin waya a gindinta, kuma kyanta ne ya rinjaye ni. Na ce ga abin da zan ɗaura a bayan FT-817 ɗina, 'yar rediyon nan mai wat 5 da masu sha'awar rediyo ke magana da juna da ita, in hau dutse ba tare da jan igiya ko neman bishiya ba.

Wata Asabar cikin Disamba, hazo ya rufe Zariya, na hau Dutsen Kufena da rediyo da batir da gorar ruwa. Na ɗaura eriyar, na yi ta matsa naɗin har SWR, ma'aunin da ake duba dacewar eriya da rediyo, ya sauko ƙasa sosai yadda ake so a zangon mita 20, ɗaya daga zangunan da muke magana a kai. Daɗi ya kama ni. Ina jin tashoshin Italiya da Sifaniya raɗau, kamar a Samaru suke. Na kira CQ, wato kiran duk mai ji ya amsa. Shiru. Na amsa wa masu kira, na maimaita lambar kirana mai farawa da 5N, alamar Nijeriya, har maƙogwarona ya bushe. Sa'a biyu cur, ko mutum ɗaya bai ce ya ji motsina ba. Da batir ya fara ja baya na tattara na sauko, ina ta zargin rediyon.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ne ya warware mini. Ya juya eriyar a hannunsa ya ce, "Ɗana, ina sauran rabinta?" Na ce, "Baba, ai ke nan duka." Ya girgiza kai.

Abin da ban kula da shi ba ke nan. Eriya mai tsayuwa rabi ce, ɗaya rabin ƙasa ce ko wayoyin da aka shimfiɗa a kanta. Ni kuwa a kan tsandaurin dutse na zauna, cikin rani, ban shimfiɗa ko taƙi ɗaya na waya ba. Sannan zangon mita 20 yana son tsayin kusan mita 5. Abin da gajeriyar ta rasa, naɗin ne ke cike mata, kuma can ƙarfi ke ƙonewa ya zama zafi. Mai wat 100 zai iya yin asarar rabi a ji shi. Mai wat 5 me zai rage masa?

SWR ɗin nan ne ya fi ba ni haushi, domin da shi na dogara. Abin da yake faɗa kawai shi ne ƙarfin bai dawo cikin rediyo ba. Ko ya tashi sama ko dutse ya shanye shi, babu ruwansa.

Mako biyu bayan nan na koma da waya mai tsawon mita 20 da ɗoriya kaɗan, wadda ake ciyarwa daga ƙarshe, da 'yar taransifoma 49:1 mai daidaita wayar da rediyo, da sandar fatsa ta mita 7. Kan Kufena ba wurin kafa turke ba ne, don haka na cusa gindin sandar a tsagar dutse na tokare da duwatsu, waya ta hau tsakiya ta gangaro gefe biyu. Iska ta kayar da ita sau ɗaya kafin in ɗaure da igiya. A kira na biyu wani daga Sifaniya ya amsa, ya ba ni biyar da biyar, wato yana jin maganata sarai da matsakaicin ƙarfi. Hannuna na rawa na rubuta lambarsa. Wat 5 ɗin nan dai, batir ɗin nan dai! Wayar guda kuma ta yi mini zangon mita 40 da 15 ba tare da na sauke ta ba.

A kiyayi abu ɗaya: ƙurar hunturu tana tara lantarki a doguwar waya. Da na kai hannu bakin kebul sai da ya tsunkule ni, shi ya sa yanzu nake taɓa shi da ƙasa kafin in haɗa da rediyo.

Gajeriyar ban yar da ita ba. In wuri ya matse nakan ɗaura ta, amma sai na shimfiɗa mata wayoyi huɗu na mita 5 kowacce, kuma ko a hakan ba ta taɓa kamo ƙafar doguwar ba.