Kuɗin tallafin bincike ba ganima ba ne

A makon jiya ɗan ƙanwata, wanda bai daɗe da kammala bautar ƙasa ba, ya kawo mini takardar neman tallafin da yake shirin aika wa wata hukumar gwamnati, ya ce, "Kawu, a duba mini ko da gyara." Manhajar waya yake son ƙirƙira wadda za ta haɗa manoma da dillalan hatsi na Kasuwar Dawanau. Na yi ta karatu har na iso shafin kasafi, inda na tarar da kuɗin hayar ofis a Titin Gidan Zoo, da kwamfutoci, da kujeru, da allon talla, amma ko sisi ba a ware domin zuwa wajen manoman ba. Da na tambaye shi dillalai nawa ya zauna da su, sai ya ce ai ya bincika komai a intanet. Dawanau tana nan kan hanyar Katsina, amma yaron bai taɓa taka ta ba.

Ban yi masa faɗan da ya cancanta ba, domin kasafin da ya rubuta kusan irin nawa ne. Shekaru da suka wuce na sami tallafi daga wata hukuma domin ƙera na'urar busar da tumatir mai aiki da hasken rana. Tunanin ba shi da aibi, kuma har gobe ina nan a kan bakana, domin duk wanda ya je Kadawa ko Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya ga yadda ake shanya shi a ƙasa, ƙura tana bi, awaki suna takawa, wani kuma yana ruɓewa a kwando kafin mota ta zo. Matsalar ta fara ne daga takardar kanta. Ban rubuta ta da hannuna ba, wani mai sana'ar rubuta irin waɗannan takardu na ba aikin bisa sharaɗin zai karɓi kasonsa idan an dace, shi kuma ya cika ta da alkawuran da ban san ta inda zan fara cika su ba. Na sa hannu ba tare da na karanta da kyau ba, saboda a lokacin idona yana kan adadin kuɗin da ke shafin ƙarshe.

Da kason farko ya shigo, sai na kama shago, na sa aka yi masa fenti, na sayi tsohuwar mota da sunan ta zirga-zirgar aiki. A nan dole in yi wa kaina adalci. Wanda bai taɓa samun kuɗi a cikin dangi irin namu ba, ba zai gane nauyin da ke biyo bayan labarin cewa gwamnati ta ba wane miliyoyi ba. Bikin ƙanwata ya taso, mahaifiyarmu tana jinya, kuma babu bakin da zan iya buɗewa in ce wa Hajiya kuɗin na ƙarfe da gilashi ne. Na ɗiba da niyyar mayarwa, ban mayar ba. Sannan shekarar 2016 ta zo da abin da babu wanda ya shirya masa: darajar Naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har ɗanyen ma ya gagari talaka, balle a yi maganar na busarwa. Na daɗe ina ba kowa wannan uzurin, kuma gaskiya ne, sai dai ba shi ne dukan gaskiyar ba.

Ragowar gaskiyar ita ce na ƙera na'urar a shago ba tare da na tambayi manomi ko ɗaya abin da yake buƙata ba. Da na kai ta gona, wani dattijo ya zagaya ta, ya tambaye ni kwando nawa take ɗauka. Da na faɗa masa, sai ya nuna mini filin da yake shanya, wanda ke ɗaukar ninkin ba ninkin abin da tawa za ta ɗauka, kuma ba ya biyan ko kwabo. Bai ƙara cewa komai ba, ya koma aikinsa. Da masu sa ido suka zo daga hukumar suka nemi rasit da sakamakon gwaji, sai na miƙa musu hotuna. Kaso na biyu bai fito ba, kuma na yi shekaru ina cewa don ba ni da uwa a gindin murhu ne.

Daga baya ne na karanta yadda Amurka ta tsara nata shirin na tallafa wa ƙananan kamfanoni kan bincike, wanda ake kira SBIR, da aka kafa da doka a 1982 zamanin Shugaba Ronald Reagan. Dokar ta tilasta wa hukumomin da ke kashe fiye da dala miliyan 100 a shekara kan binciken da ake yi musu a waje su ware wani kaso, wanda ya kai 3.2 cikin ɗari, domin ƙananan kamfanoni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matakansa. A matakin farko kuɗi kaɗan ake bayarwa na 'yan watanni, domin kawai a gano ko tunanin zai yiwu; sai an nuna hakan a ba da mai tsoka na ƙera samfuri; a mataki na uku kuwa shirin ba ya ƙara ba da komai, kamfani ne zai nemo mai saye ko mai zuba jari. Wato kuɗin na amsa tambaya ne, ni kuwa na ɗauke shi ladan wahalar karatun da na sha.

Ba zan ce babu dama a ƙasar nan ba. Shirin YouWiN da aka fara a 2011 ya ba matasa 1,200 tallafi a zagayen farko, wasu har Naira miliyan 10. A watan Oktoba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kamfanonin fasaha masu tasowa, wadda ta tanadi asusun jari domin matasa masu ƙirƙira irinku. Akwai hukumar NITDA mai bunƙasa fasahar sadarwa ta zamani, akwai SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, akwai NOTAP mai taimaka wa masu ƙirƙira wajen rajistar haƙƙin mallaka, kuma a nan Kano akwai cibiyar renon fasaha a Farm Centre. Abin haushin shi ne yawancinku kun fi sanin ranar rufe shafin neman tallafi fiye da sunan mutumin da zai sayi abin da za ku ƙera.

Na zauna da niyyar jero shawarwari masu yawa, amma da na tace su sai na ga ba su taka kara sun karya ba. Kada ka nemi tallafin gwamnati sai ka sami mutum ɗaya, ba ɗan'uwanka ba, wanda ya zaro kuɗinsa ya biya ka abin da ka ƙera, ko da mummuna ne. Na san za a ce ai da me za a ƙera idan babu kuɗin, kuma wannan tambaya ce mai ƙarfi, domin ni ma da ban sami tallafin ba da ban taɓa koyon abin da na koya ba. To, ka nema ɗin, amma ka rubuta takardar da kanka ko da Turancinka bai nuna ba, kuma kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya nunawa da ido ba. Masu kwafo jimloli daga waya suna liƙawa, alhali ba za su iya maimaita su a gaban kwamiti ba, su ba ni da abin da zan ce musu.

Idan kuɗin ya shigo, kada ka gaya wa kowa a gida, ko da yake ban san yadda ake ɓoye irin wannan labari a Kano ba. Ka yi wa kamfaninka rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe masa asusun banki dabam da naka, kada kuɗin cefane ya taɓa bi ta cikinsa. Masu walda da masu sayar da ƙarfe a Ƙofar Ruwa ba kasafai suke ba da rasit ba, saboda haka ka sayi littafin rasit naka, ka rubuta abin da ka saya da kwanan wata, ka sa mai kayan ya sa hannu tun kafin ka bar rumfarsa.