Abin da na koya daga nuna wa ɗalibai tsohon fim kan makamashin nukiliya

A darasin kimiyyar fiziks na babbar sakandare, tsagewar ƙwayar zarra tana cikin batutuwan da suka fi wuyar bayani a kan allo, shi ya sa na nemo fim ɗin Our Friend the Atom, wanda kamfanin Walt Disney ya fitar a Amurka a 1957, na nuna wa ɗalibaina. Mai gabatarwa, masanin kimiyya Heinz Haber ɗan asalin Jamus, ya gina bayaninsa a kan labarin masunci da aljanin da ya fito daga tulu, wanda wasu daga cikin ɗaliban suka sani daga Dare Dubu da Ɗaya.

Wurin da ya fi amfani shi ne gwajin tarkon ɓera. An ɗana tarkuna masu yawa, kowanne ɗauke da ƙwallayen tebur biyu, sai aka jefa ƙwallo guda, nan take duka suka tashi. Mun maimaita gwajin a cikin babban kwali, kuma na lura cewa idan aka jera tarkunan nesa da juna abin yakan mutu tun daga farko, amma idan aka matso da su sai ya kama gaba ɗaya. Da wannan ɗaliban suka gane dalilin da ya sa dole yuraniyom 235, wato sinadarin da ake tsaga ƙwayoyinsa, ya kai wani adadi kafin tsagewar ta ɗore, tunda kowace ƙwaya da ta tsage takan saki nutiron biyu ko uku, wato ƙananan ɓaraguzan da ke tsaga wasu ƙwayoyin kamar yadda ƙwallayen ke tayar da wasu tarkunan, da kuma aikin sandunan boron ko kadmiyom da ke shanye rarar nutiron a cikin tukunyar nukiliya, wato na'urar da ake sarrafa tsagewar a cikinta.

Sai dai yanzu ba na nuna fim ɗin ba tare da na faɗi zamaninsa ba. An yi shi ne bayan jawabin Shugaba Eisenhower na Disamba 1953 a Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da zarra domin zaman lafiya, don haka hankalinsa yana kan lantarki da noma da magani. A watan Oktoba na shekarar da ya fito, tukunyar Windscale a Ingila ta kama da wuta, kuma na ƙara wannan a darasin, tare da hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986 da matsalar sharar da takan ɗauki dubban shekaru tana fitar da haskoki masu illa da ido ba ya gani.