Tsinken da aka cusa a maɓallin hita

Lokacin da na fara koyon gyaran kayan gas a wurin maigidana a Katsina, na ɗauka aikin bai wuce ɗaura tiyo da matse rigileta ba. Sai a hunturun shekarata ta biyu na gane cewa rabin haɗarin sana'ar yana rataye ne a kan wata 'yar wuta da tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba, wadda ake bari tana ci dare da rana a cikin hitar ruwa da hitar ɗumama ɗaki, domin duk sanda aka buɗe babban bawul, wato mashigar gas, ta kama gas ɗin nan take. Mu a wurin aiki fayilot muke ce mata. Irin waɗannan na'urori ba su da yawa a garinmu, tunda galibin gidaje da kaskon garwashi suke jin ɗumi, amma akwai su jefi-jefi, kuma yawancinsu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ba tare da takardar bayani ba.

Wata safiya a watan Janairu aka kira mu wani gida a wajen Ƙofar Ƙaura, aka ce hita ta ƙi kamawa. Tun daga bakin banɗakin wari ya tare mu. Da na ga wurin da duhu sai na miƙa hannu zan kunna fitilar bango, maigidana ya cafke hannuna ya ce, "Kul, kada ka taɓa makunnin nan." Ya rufe tukunyar gas, ya sa aka fitar da yara tsakar gida, ya buɗe ƙofa da taga, sannan ya durƙusa ya sunsuna ƙasa kusa da magudanar ruwa, inda warin ya fi ƙarfi. A nan ya koya mini cewa gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, saboda haka kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, yana taruwa a lungu da rami, kuma da zarar ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ɗan tartsatsin makunni ya isa ya tayar da shi. Shi kansa warin ba na gas ɗin ba ne, wani sinadari ne ake zuba masa da gangan don hanci ya riga wuta sani.

Da iska ta washe muka buɗe murfin hitar, sai ga tsinken tsintsiya an karya an cusa shi a gefen maɓallin kunnawa, ya danne shi ciki. Mai gidan ya ce, "Malam, wutar ce take yawan mutuwa, shi ne yara suka yi mana dabara." Maigidana ya amsa masa cikin ladabi, "Alhaji, ai wannan dabarar ce ta so ta tashi da gidan."

Dalilin kuwa shi ne, a gefen fayilot akwai wani siririn ƙarfe da bakinsa yake cikin harshen wutar. Idan ya yi zafi yakan samar da ɗan ƙaramin lantarki, wanda yake riƙe bawul a buɗe ta hanyar maganaɗisu. Idan wutar ta mutu ƙarfen ya huce, bawul ɗin sai ya rufe da kansa. Shi ya sa wurin kunnawa ake danne maɓalli da yatsa na ɗan lokaci har ƙarfen ya ɗau zafi, sannan a saki. Wanda ya danne maɓallin da tsinke ya kwance wa na'urar wannan tsaron gaba ɗaya, domin da wuta da babu wuta gas zai ci gaba da fita. A wannan gidan iskar dare ce ta kashe wutar, gas ya kwana yana tsiyaya a banɗakin da aka toshe tagarsa saboda sanyi. Abin da ya fi damuna a ranar shi ne na taɓa ganin irin wannan tsinken a wani gida watanni kafin nan, na wuce shi ban ce komai ba, don na ɗauka wayo ne.

Ainihin ciwon kuma ƙarami ne. Ƙurar hunturu ce ta toshe ramin da gas yake fitowa, wutar ta kankance har ta daina lasar ƙarfen. Maigidana ya hana ni sa allura, domin tana faɗaɗa ramin, ya kwance kan ya busa shi har ya fita tas.

Daga wannan aikin na fara duban launin wuta kafin komai. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tsayayya. Idan ta koma rawaya tana lilo tana barin baƙin hayaƙi a jikin ƙarfe, to gas ba ya ƙonewa sosai, kuma daga nan ne kabon monoksaid yake fitowa, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda take kama jini fiye da iskar oksijin da muke shaƙa sau sama da 200. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ne alamunta na farko, abubuwan da mutanenmu kan jingina wa zazzaɓi ko mura, alhali idan gida guda suka kwana da su kuma suka ji sauƙi da fita waje, na'urar ya kamata a fara tuhuma. Haɗarin ɗaya ne da na garwashin da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki. Na kuma lura cewa hitocin Turai da yawa an saita su ne don gas ɗin da ake turo wa gidaje ta bututu, wanda ramin fitarsa ya fi faɗi, saboda haka idan aka jona su da tukunya ba a canza kan ba, rawayar wuta za su yi ta bayarwa.

Kafin mu bar gidan mun fitar da tukunyar waje cikin inuwa, mun cire tsummokaran da aka toshe taga da su, mun shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa muna duban ko za ta yi ƙwai. Maigidana ya nuna wa Alhaji cewa idan wutar ta mutu, a rufe gas, a jira aƙalla minti 5, a sunsuna ƙasa, sannan a sake kunnawa. Daga nan ya kunna ta, ya bari ta yi zafi, ya hure ta da baki, ya ce kowa ya yi shiru. Muna tsaye mu uku a banɗakin, minti ɗaya bai cika ba muka ji ƙas, bawul ya rufe.