Abin da ƙirgen ƙwarin kifi ya koya min

Lokacin da muke karatun kiwon kifi an taɓa ba mu wani aiki mai cin rai, a ɗauko kifi ɗaya bayan ɗaya a ƙirga ƙwarin da suka maƙale masa a fata, a rubuta. Tanki ɗaya fa, ruwa ɗaya, abinci ɗaya, amma sai ka ga wani sun yi masa caa, na kusa da shi kuwa da ƙyar ka samu biyu. Ni a lokacin magani kawai na sani, in ƙwari sun bayyana a zuba magani shi kenan. Malamarmu ce ta ce in koma in duba lambar iyayensu, ina dubawa na ga masu ƙwari kaɗan ɗin nan da yawansu 'yan gida ɗaya ne. Wallahi ranar na kasa barci, ashe juriya ma gadonta ake yi.

Daga nan na shiga bin labarin. A 1975 aka fara ganin wani ɗan ƙwaro Gyrodactylus salaris a Norwe, kifin salmon na yankin tekun Baltik sun daɗe tare da shi jikinsu ya san yadda zai yi da shi, na Norwe kuwa ba su taɓa haɗuwa da shi ba, ya dinga ƙarar da ƙananansu har sai da aka riƙa zuba guba a kogi sukutum don a kashe ƙwaron da kifin baki ɗaya a sake sabon zubi. Abin tausayi.

Amma inda na fi ɗaukar darasi shi ne kwarkwatar teku, wani ƙwaron da ke maƙale wa salmon a fata yana cinsa. Na zata ƙwayar gado ɗaya ce ke ba kifi juriyarta, a gano ta a huta, kamar yadda aka dace da IPN, wata cutar da ke kashe ƙananan salmon, wadda aka samu wuri guda a ƙwayoyin halittar salmon da ke riƙe da mafi yawan juriyar. Ina! Ta kwarkwata a warwatse take, ƙwayoyi barkatai kowace da ɗan nata taimakon, ga salmon sai ya yi shekara 3 zuwa 4 kafin ya haihu, kenan kowane ɗan ci gaba sai ka jira shekaru, ita kuma kwarkwatar ba zaune take ba, magungunan da ake ta zuba mata tuni ta saba da yawancinsu, don masu taurin rai ne ke tsira su hayayyafa.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana zaɓen kifin iri da ido, wai a ɗauki mafi girma kawai. Girma daban, juriya daban. Yanzu duk kifin da zan ware don iri sai na san uwarsa da ubansa, na san ƙwari nawa aka ƙirga a jikin 'yan uwansa, kuma ba na haɗa 'yan gida ɗaya ko da su ne suka fi kowa juriya a tankin.