Idan aka kama ka, fara tsare bakinka

Ni abinda yafi damuna a maganar kamu shine yadda mutum ke jefa kansa cikin rami da bakinsa tun awa ɗaya bata cika ba. Tsoro ya kama shi sai ya hau zuba, yana rantse-rantse yana ta bayani don a gane bashi da laifi, jami'an da suka kama shi kuma suna rubutawa, ranar da aka je kotu a karanto masa maganarsa yaji kamar wani ne ya faɗa. Baki shi ke yanka wuya wallahi.

Kar ka gudu, kar kayi kokawa ko da kasan kuskure akayi, don kokawa da jami'i wani laifin ne daban da za'a ɗora maka. Hannuwanka a fili, ka tambaya cikin ladabi, ranka ya daɗe me nayi? Haƙƙinka ne, sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan Adam da siyasa yace a faɗa maka dalili a lokacin kamun, kuma a kai ka gaban alƙali ba tare da jan lokaci ba.

Ka faɗi sunanka, daga nan kace bazan ce komai ba sai lauya yazo. Shirun nan ba raini bane. A 1966 ɗin ma kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yanke wa wani mutum mai suna Ernesto Miranda saboda an karɓi iƙirarinsa ba'a sanar dashi haƙƙinsa na yin shiru da neman lauya ba.

Sai maganar sa hannu, don Allah a kula da wannan sosai. Takardar da baka karanta ba, ko aka rubuta da yaren da baka ji, ko wadda aka bar fili a cikinta, kar ka sa hannu kar ka dangwala, ko ance maka sa kawai ka tafi gida. Nemi tafinta. In duka akayi maka har ka amsa, ka faɗawa alƙali ranar farko ka nemi likita ya duba ka, yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 ta hana kafa hujja da bayanin da aka tatsa ta haka.

Riƙe sunan jami'in da lambarsa da lokacin kamun a kanka. Ka kuma haddace lambar mutum ɗaya tun yau, don yawanci waya ake fara karɓa.