Godiya bayan dawowata daga Gambiya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yau kwana huɗu ke nan da aka yi walimar dawowata a ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Sauri, kuma har yanzu waya ba ta huta ba. Waɗanda suka zo na gan su, waɗanda suka aiko na ji saƙonsu, amma cikin cinkoson taro ba kowa na samu na riƙe hannunsa na gode masa yadda ya kamata ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Ga wanda bai san inda na shiga ba, shekara 2 na yi a Gambiya ina koyar da lissafi, ƙarƙashin shirin TAC na Gwamnatin Tarayya, wanda tun 1987 yake tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya aikin sa-kai a ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na Fasifik. Wasu abokan tafiyata a Banjul, babban birnin ƙasar, da kewayenta aka bar su. Ni rabona ya kai ni ƙuryar gabas, wani ƙauyen Mandinka kusa da Basse, tafiyar sama da kilomita 300 a motar haya da suke kira gele-gele.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga mutanen ƙauyen nan take, duk da na san ba Hausa suke ji ba. Ranar da na isa, shugaban makaranta ya sa na sayi goro, ya kai ni gaban alkalo. Sunan ya yi kama da alƙali, amma maigari ne. Aka raba goron, aka yi addu'a, sannan alkalo ya damƙa ni hannun wani dattijo manomin gyaɗa ya ce ga jatiyona, wato mai masaukina. A can baƙo ba ya zama a gari sai da jatiyo, shi ne ubansa, shi ake nema idan wani abu ya taso. Ya ba ni ɗakin ɗansa da ya tafi ci-rani Turai, kuma har na baro garin bai yarda ya karɓi ko dalasi ɗaya, kuɗin ƙasar, na haya ba.

Makonnin farko sun yi mini nauyi ƙwarai. A makaranta da Turanci ake koyarwa, can ba ni da matsala. Da an tashi ne nake komawa kurma, ana magana ana dariya a tsakar gida ni ba na fahimtar komai. Sai na riƙa shigewa ɗaki, yara su kai mini kwanon shinkafa in ci ni kaɗai, bayan isha'i in yi ta duba hotunan iyalina a waya. Shinkafa rana, shinkafa dare, ga mutumin da ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka. Na fara lissafin watannin da suka rage tun ban cika wata biyu ba.

Mahaifiyar jatiyona ce ta raba ni da wannan hali, tsohuwa mai ɗan ƙaramin jiki da ba ta san kalmar Turanci ko ɗaya ba. Wata rana ta tare yarinyar da ke kawo mini abinci, ta karɓe kwanon, ta juye shi cikin babban kwanon maza, ta tsaya a bakin ƙofata tana nuna mini tabarma da sandarta. Ban da yadda zan yi, na fito. Daga ranar ba a ƙara kai mini abinci ɗaki ba. A bakin kwanon nan na koyi Mandinka. Nan na san domoda, miyar gyaɗarsu mai kauri, da benachin, dafa-dukarsu ta shinkafa, da yadda maigida ke gutsura kifi yana tura wa baƙo gabansa. Nan na koyi a gaisuwa in an ce "kori tanante" in ce "tanante", in an tambayi mutanen gida in amsa suna nan, in an gama ci in ce "abaraka", wato na gode. Tsohuwar nan kullum da safe sai ta yi mini jarrabawar gaisuwa, in na kuskure ta sa in sake, ba ta gajiya.

Da na fara fita sai na ga ashe ban yi nisa da gida ba. Bantaba, inda dattawa ke zama a inuwa ana yanke maganar gari, majalisar ƙofar gida ce tamu. Attaya, shayin da samari ke dafawa zagaye uku a ƙananan kofuna, shi ne wanda muka sani wurin Buzaye a nan Katsina. Zoɓo suna ce masa wonjo. Da dare almajirai na kewaye da wuta da allunansu, in ka rufe ido sai ka rantse a tsangayar unguwarmu kake. Ƙaramar Sallah Koriteh, Babbar Sallah Tobaski, kuma sau biyu na yi layya tare da su. Da damina na bi jatiyona gonar gyaɗa ranar Asabar, ya yi mamakin ganin malamin makaranta ya iya riƙe fartanya.

A daminar farko zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni. Da tsakar dare jatiyona ya ɗaura doki a amalanke ya kai ni asibiti cikin taɓo. Da aka sallamo ni, tsohuwar nan kwana bakwai tana dama mini mono, kunun geronsu, tana zaune bakin ƙofa da carbi har sai ta ga na shanye. Mu kan ce baƙonka annabinka, ni a hannun matar nan na ga ana aiki da maganar. Kafin in taho aka yi haihuwa a gidan, aka sa wa yaron sunana, yanzu ina da takwara a bakin Kogin Gambiya.

Sai mutanen gida. Hajiya, na gode da addu'a. Agogon can yana bayan namu da awa ɗaya, amma duk Juma'a kin san lokacin da muke saukowa daga masallaci, kiranki ba ya saɓawa. Yaya Babba, kai ka riƙe gidana, kuɗin makarantar yara da gyaran katangar da ruwa ya rusa duk sai da na dawo na ji labari. Allah Ya saka da alheri, Ya raya maka zuri'a. Maiɗakina, abin da kika ɗauka shekara biyu da yara uku ba zai faɗu a nan ba, Allah Ya biya ki da Aljanna. Gwaggo, daddawa da kuka da yajin da kika ƙulla mini sun kai wata takwas, har matan gidan suka koyi kaɗa miyar kuka irin tamu.

Ina godiya ga Liman da Mai unguwa da suka buɗe taro da addu'a, da maƙwabtan da suka ba da tabarmi da kujeru, da matan da suka kwana a bakin murhu, da abokan aikina malamai, da 'yan majalisarmu da suka tarbe ni tun daga filin jirgi. Waɗanda suka taso daga Daura da Mashi da Dutsin-Ma, Allah Ya ba da ladan zumunci. Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Ƙannena malamai da kuka tambaye ni yadda zaman can yake, ku same ni a gida bayan la'asar, mu zauna a tsanake.

Roƙo ɗaya nake da shi. Tsohuwar nan Allah Ya yi mata rasuwa saura wata uku in taho, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Ranar walima na kira jatiyona ya ji hayaniyar jama'a, ya ce da tana raye da ta tambaya ko a kwano ɗaya muke ci. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta cikin addu'a. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya haɗa ta da iyayenmu a Aljannar Firdausi.

Wassalamu alaikum.