Farin garin da ke cin kan batir

Da yawa daga cikin motocin da ake turowa shagonmu a Katsina da sunan batir ya mutu, batirin lafiyarsa ƙalau. Ana murza makulli sai a ji ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su dushe. In ka ɗaga bonet sai ka tarar da gari ya taru a kan batir kamar an zuba gishiri, wani fari, wani shuɗi-shuɗi. Tururin asid ne ke fitowa ta gindin kan batir ko ta murafu, ya ci dalma ya bar fari, ya ci tagullar maƙalar waya ya bar shuɗi. Garin ba ya wuce da wuta, kik kuwa, wato abin da ke tayar da inji, yana jan wuta mai yawa a lokaci guda.

Kayan aikin ba tsada: sifana mai lamba 10, burushin ƙarfe, samfefa, tsumma, basilin, da cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwan ɗumi. In babu soda, jiƙaƙƙiyar kanwa ma tana kashe kaifin asid. Masu zuba lemon kwalba suna ganin kumfa su ji daɗi, amma sukarin yana daskarewa ya riƙe ƙura.

A kashe mota, a zare makulli, a cire zobe da agogon ƙarfe. Wayar da ke da alamar ragi, baƙar, ita ake fara kwancewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Dalili: tana haɗe da jikin mota. In ka fara da ja, sifana ta taɓa ƙarfen mota, tartsatsi zai tashi, ga iskar haidurojin da batir ke fitarwa wadda ba ta son wuta. Mai shan taba ya matsa can.

A shafa ruwan sodar a kan batir da cikin maƙala, a bar shi ya yi kumfa har ya lafa. Kada ɗigo ya shiga ramukan batir, zai raunana ruwan ciki. Sai a goge da burushi, a naɗe samfefa a yatsa a bi cikin maƙalar har ta yi ƙyalli, domin nan ne wuta ke bi. Nan yara masu koyo suka fi yin ha'inci, su wanke waje fes su bar ciki. A ɗauraye, a tsane da tsumma. Garin nan yana huda riga, in ya faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti.

Wajen mayarwa, a zaunar da maƙala har gindi a ɗaure, a gwada juya ta da hannu; in ta motsa ba ta ɗauru ba. Basilin bayan ɗauri ake shafawa, ba kafin ba. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne dukan kan batir da dutse ko guduma, ko cusa ƙusa a maƙalar da ta saki. Dukan yana tsaga gindin, asid ya riƙa tsatsafowa, bayan 'yan makonni garin ya dawo. Maƙalar da ta cinye a canza ta kawai. In shuɗin ya bi cikin waya, a yanke zuwa inda tagulla ke ja.

Sai a sa mitar auna ƙarfin wuta a kan batir. Batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6 mota a kashe; in tana aiki, tsakanin 13.8 da 14.5. In ya haura 15, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, na dafa batirin, kuma wanki ba zai yi magani ba, sai an kai wa rewaya. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana ƙafar da ruwan batir, mutane su cika shi har baki, ya yi ta ambaliya a gargadar hanya. Tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba asid ba, ya rufe farantan ciki ya tsaya a layin sama.

Direban da ke bin hanyar Daura ko Jibiya kullum ya leƙa kan batirinsa duk sa'ad da zai yi juyen mai, ya ƙara dubawa kafin sanyin Disamba, lokacin da batir mai rauni ke ƙin tashi da asuba.